Agogo Biyu Saboda Kunnen Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara lafiya, Ya dafa maka a wajen aiki. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba.

Maganar abin nan ce da ka ce za ka aiko wa gareji, na gwada yoyon iska a silinda. Kada ka sayo irin wanda ake ɗaurawa a ramin filogi a yi ta tayar da mota, muna da shi. Iyakarsa ya ce injin ya yi rauni, ba ya faɗin inda ciwon yake. Wanda nake so shi ne wanda ake haɗawa da kwamfuresa, injin bayar da iska, a hura iska cikin silinda injin yana kashe. Ka duba mai agogo biyu, ɗaya na iskar da ta shiga, ɗaya na wadda ta zurare. Tiyon ya kasance mai tsawo, bakunansa kala-kala, don ramin filogi ba duka ɗaya ba ne. Lambobin kuma manya, yadda tsoho zai karanta daga tsaye.

Ga dalili. Ka san shekara arba'in Baba da kunne yake aiki. Watan jiya mai gidan burodi ya kawo motarsa tana rawa. Baba ya kara sukudireba a jikin injin, ya ɗora kunne, ya ce ringi ne. Muka sauke injin, kwana uku muna fama, ashe ringi lafiyarsu lau, bawul ɗaya ne ya ƙone. Mutumin bai ɗaga murya ba, bai dai sake dawowa ba. Baba ya ce ƙarar masu walda da ke kusa da mu ce ta hana shi ji. Ranar kuwa masu walda ba su buɗe ba. Tun daga nan, in mota ta shigo sai ya tura ni, shi ya zauna yana jera sufanu da suke a jere. Inna ta ce yanzu sai ta kira shi sau uku yake juyowa, ko da yake da ma can sau biyu ne. Jiya ya ce mini wai yana tunanin barin garejin. Wannan kam ta dame ni, Yaya.

Da na'urar, agogo zai nuna masa silindar da take yoyo. Sauran kuma ba sai da kunne ba: in iska ta taɓa bayan hannunsa a bakin salansa inda hayaƙi yake fita, bawul ne, in a wajen zuba baƙin mai, ringi ne, in ruwan lagireto ya yi kumfa, gaskit ne. Hannunsa da idonsa suna nan daram.

In za ka aiko, ka rubuta cewa saboda ni ka sayo, wai ka ji har yau ban iya sauraron injin ba, kana so ya zaunar da ni ya koya mini da ita. Zai yi wata guda yana yi mini ba'a a gaban masu walda. Na yarda.

Inna da Goggo suna gaishe ka. A gaishe da Anti da yara duka. Da zan fito na gaya wa Baba zan sa maka gaisuwarsa, ya gyaɗa kai yana murmushi. Ban tabbata ya ji abin da na ce ba.

Ƙaninka,
Auta