Lauyan Gidan Wanki

Vénissieux, 9 ga Fabrairu, 2009

Zuwa ga Babana, Malam Abdou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, ta saki? Yaya Inna, da Yaya A'i da yaranta, da dukan mutanen Birni? Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Baba, na zaɓi rubutu ne don a tarho ba na iya musa maka. Shekaranjiya ka ce in rufe gidan wankin in dawo gida, na ce to. Ka gafarce ni, a baki kawai na faɗa. Ba zan dawo yanzu ba.

Abin da Alhaji Mamadu ya gaya maka gaskiya ne, amma rabi ne. I, kamfanin ya durƙusa. Otel uku da muke wanke wa zannuwan gado da tawul duk na mutum ɗaya ne. Ya karye, ya rufe su, bai biya mu aikinmu ba. Banki na bina, mai haya na bina, albashin ma'aikatana shida na watan jiya bai fita ba. Rabin da Alhaji bai gaya maka ba shi ne shawarar da ya ba ni.

Na je Paris na same shi a shagonsa na Barbès, don amininka ne, uba na ɗauke shi. Ya ce in bari ya turo mota ranar Lahadi a kwashe injinan wankin, ya damƙa mini wani abu a hannu, in hau jirgi. Kafin banki ya farga ina Damagaram ina shan fura. Na ce ma'aikata fa? Ya ce gwamnatin Faransa uwar marayu ce. Daga nan ya tura ni wurin wani wai lauya a Goutte d'Or, a wani ɗan ɗaki saman shagon sayar da katin waya. Mutumin ya ce zai rubuta takarda mai nuna tun bara na sayar da injinan. Da na tambaye shi a wace kotu yake tsayawa, sai ya shiga ba ni labarin manyan mutanen da ya sani. Na ɗauki jakata na sauko.

Ka san shekarun da na yi ina guga a wurin tsoho Jacques ina karatu, kafin ya yarda ya sayar mini da wurin. Zenaba, 'yar Cadin nan da muka fara guga tare, yau a ƙarƙashina take aiki, ga 'ya'ya uku a unguwar Minguettes. Wato ta zo ranar Litinin ta tarar da ɗaki wayam, ni kuwa ina can ina karɓar barka da zuwa? Ba haka ka rene ni ba.

Dokar nan ta ce ɗan kasuwar da ya kasa biya ya kai kansa kotun 'yan kasuwa cikin kwana arba'in da biyar. Zan kai kaina, da rana tsaka. Amma ba ni kaɗai ba. Ina neman lauya na gaske, avoka da ya san wannan fanni.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ina cin abinci.

'Yarka,
Mardiya

Vénissieux, 3 ga Maris, 2009

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Inna da ta gida baki ɗaya. Mu nan sai godiya, sanyi ya fara sauƙi.

Yaya A'i ta isar mini da saƙonka, cewa kotu ba wurin 'yar mutunci ba ce. Na ji, na yi kuka, na wanke fuska na fita neman lauya.

Na farko, ofishinsa na tsakiyar Lyon, kafet ɗinsa sai ƙafa ta nutse. Ya dubi ɗankwalina, ya tambaye ni ko patron, wato mai wurin, na tafe. Na ce masa ni ce patron. Ya juya takarduna kamar mai zaɓen tumatir, ya ce irin waɗannan ƙananan wurare rufewa ake yi, a sayar da kaya a huta. Ban gama zama ba ya gama yanke mini hukunci. Na biyu ya ce sai na ajiye kuɗinsa duka kafin ya buɗe jakata. Na ce masa da ina da su, da ban zo ba.

Zenaba ce ta gaya mini akwai wani ofishi a unguwarmu inda lauyoyi ke ba da shawara kyauta. Na bi layi. Wata matashiyar lauya ta ce wannan ba fanninta ba ne, ban taɓa jin daɗin jin wani ya ce "ban sani ba" kamar ranar ba. Ita ta ba ni sunan wani lauya, Metir Christophe.

Baba, a wannan karo ban shiga kamar mai roƙo ba. Aiki zan ba shi, don haka ni na fara tambaya. Wurare nawa irin nawa ya kai kotu? Nawa suka rayu? Ya ce waɗanda suka mutu sun fi yawa. Na gindaya masa sharuɗɗa: ba zan sa hannu a kan abin da ban gane ba, kada ya ɓoye mini mugun labari, kuɗinsa kashi-kashi zan biya, kuma sai ya zo ya ga wurin da idonsa kafin ya ce uffan. Ya yi dariya ya ce bai taɓa shiga jarrabawa irin wannan ba.

Kashegari sai ga shi ya sauko daga taram, jirgin ƙasan cikin gari. Zafin guga ya sa ya tuɓe kwat. Ya zagaya injinan, ya gaisa da kowa, ya tambayi gidajen abinci nawa ne har yanzu suke kawo mana kaya. Sannan ya zauna a kan kwandon tawul ya yi mini faɗa, ya ce na yi jinkiri, da na zo tun a Disamba da abin ya fi sauƙi. Ya ce hanya biyu ce: ko kotu ta rufe wurin, ko ta dakatar da masu bin bashi ta ba ni lokaci in nuna wurin zai iya tashi. Zai nemi ta biyu, amma in sani da wuya in riƙe mutum shida. Da na ba shi labarin motar Lahadi, sai ya riƙe kai. Ya ce da na yi haka, kurkuku na iya shiga maganar, kuma a hana ni riƙe kasuwanci shekaru.

Na ɗauke shi. Na sayar da awarwaron da Inna ta ba ni na biya kashin farko. Ka gaya mata da kanka, ka ce a wurin kare sunan gidanmu suka tafi.

Jibi za mu kai takardu kotu. Ina neman addu'arka, ko da ranka bai so ba.

'Yarka mai biyayya a komai ban da wannan,
Mardiya

Vénissieux, 18 ga Janairu, 2010

Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da kowa. Na ji an yi wa Yaya A'i ƙaruwa, Allah ya raya. Ka yafe mini shirun da na yi, kullum sai in ce bari in ga ƙarshen abin tukuna.

An gama. Bayan watannin da kotu ta sa mana ido, wakilinta na duba duk abin da ya shiga da wanda ya fita, ranar Alhamis alƙalai sun amince: gidan wanki zai ci gaba, bashin kuma a biya shi cikin shekara takwas. Metir Christophe ya yi bayaninsa, sannan ya ce shugabar wurin tana nan, ta fi shi sanin aikinta. Na miƙe. Na gaya musu na bi gidajen tsofaffi da ƙananan asibitoci ƙofa-ƙofa har huɗu suka ba mu wanki, kuma ba zan sake rataya rayuwar mutane a wuyan abokin ciniki ɗaya ba. Wani alƙali ya tambaye ni ko ba na tunanin komawa ƙasarmu. Na ce ina tunani kullum, amma sai na biya.

Ba kyauta aka same shi ba. Dole na sallami mutum biyu, Soumaïla direba da Rékia. Lauya ya tsaya har asusun da ke biyan ma'aikata a irin wannan hali ya ba su haƙƙinsu cif. Soumaïla ya samu aiki a wani sito. Rékia kuwa, na hau har hawa na goma sha ɗaya inda take zaune don in gaya mata da bakina, ta saurare ni a tsaye, ta rufe ƙofa. Har yau ba ta amsa gaisuwata. Tana da gaskiyarta. Ranar da gurbin aiki ya samu, ita zan fara kira, ko za ta zage ni.

An buga sunan kamfanin a jarida, haka doka ta ce. Na ji an yi ta yawo da shafin a wurin wani taron suna a Paris. Su yi. Wanda ya karanta ya ga adireshina a ƙasa, kuma duk wanda ya zo zai same ni.

Yanzu maganar da ta sa na zauna rubutu. Yaya A'i ta ce ka kira dillali a ɓoye, wai za ka sayar da garkarka ka aiko mini. Baba, da na ji sai na shiga bayan injin busarwa inda ƙara ke rufe murya, na yi kukan da ban yi a kotu ba. Na gane ka huce. Amma wallahi ko ka aiko, zan mayar. Garkar nan da hannunka ka dasa kowane mangwaro a cikinta, a nan kake hutawa da la'asar. Ka sallami dillali. Bashin nawa ne, ni na ci, ni zan biya, zanen gado ɗaya bayan ɗaya.

Abu ɗaya nake so daga gare ka. Idan an tambaye ka labarina a majalisa, kada ka sunkuyar da kai. Ka ce 'yarka ta faɗi a bainar jama'a, a nan kuma take tashi.

Gaisuwa ga Inna, da maijego, da jariri. Allah ya bar mana kai.

'Yarka,
Mardiya Abdou