Maganin da Ba a Haɗiyewa

Magariya, ran Talata

Ya Kaka, tsohuwar matata,

Wa ya ba Kawu Rabe izinin ɗura wa ƙanwata Ɗela magani a maƙogwaro tana tsakiyar farfaɗiya? Yi haƙuri, na fara da faɗa ban gaishe ki ba. Ya ƙafar? Ya mutanen Guci? Ni ina nan lafiya a garaji.

Maƙwabciyarmu Fadi ta zo ta ba ni labari. Wai maganin da na aiko, Kawu ya juye shi cikin koko, ya buɗe mata baki da cokali, ta ƙware har ta yi baƙi. Wai maganin da bai shiga ciki ba, ba magani ba ne. Sauran mutanen gida kuwa sun watse don tsoron miyanta. Miyau ba ya sa wa kowa farfaɗiya!

Ban yi lakwal ba, bokon nan, amma takardar maganin nan sai da na karanta ta harafi-harafi da Faransancina na garaji, na kuma je wurin majo, malamin asibiti, ya tabbatar mini. In jijjigar ta kai minti biyar, a kwantar da ita ta gefe, a ɗaga kunci, a matse sirinjin nan marar allura tsakanin kunci da dasashi. Naman wurin ne ke tsotse shi ya kai jini.

Ke kika fi kowa sanin wannan. Shekara nawa kina ƙunsa taba gari a kunci? Kin taɓa haɗiye ta? Amma ba ta kai miki har ka? To, haka yake. Saura sirinji biyu. Ki ƙulle su a bakin zanenki, kada ki ba kowa.

Na tsani tabar nan taki, amma yau ita ce malamarmu. Ki gai da Ɗela.

Mijinki mai baki,
Lado

Magariya, ran Asabar

Ya Kaka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da Ɗela.

Fadi ta kira ni. Ta ce abin ya taso wa Ɗela a bakin rijiya, kowa ya ja da baya, Kawu ya nufo da cokalinsa. Kika make hannunsa, kika durƙusa da ƙafar nan mai ciwo, kika sa yatsa cikin miyau kika ɗaga kuncinta, kika matse mata sirinjin. Kafin a gama jan guga uku, jikinta ya saki, ta yi barci a cinyarki. Da na ji, na shiga bayan wata mota na yi kuka, ni da ake cewa ba ni da zuciya.

Ina tafe ran kasuwa, da atamfa, ban da taba. Wanda ke karanta miki wannan ya ɗaga murya Kawu ya ji: ina son ya tsaya gaban mutanen gidanmu da na bakin rijiya, ya faɗa da bakinsa, cokalinsa ne ya tashe ta ko yatsanki?

Naki har kullum,
Lado