Hoton Kaza da 'Ya'yanta

Daren Juma'a, Hayyin Ashir

Su Auwalu abokin ɗakina sun tafi Farar Hamada tun asuba, can za su kwana su kalli taurari. Ni na fara kawo maganar tafiyar nan, amma ga ni a ɗaki. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, ta ƙare, sabuwa ba ta fito ba, hanyar kuma duk shingen 'yan sanda ne. Direban motar da za ta kai mu ya duba fasfona, ya ce, "Ma'alish," wato in yi haƙuri, ya miƙo mini. Khalas, shi ke nan.

Bayan isha'i na ce bari in hau saman bene, na tarar mai gadi ya kulle ƙofar ya tafi da makullin. Tagarmu kuwa bangon maƙwabta take kallo. Sai da na kusa karya wuya kafin na hango sama, ita ma ta yi jajir da fitilun gari. Wani abu ya ƙyalla, har na yi murna, ashe jirgi ne zai sauka.

Ɗazu Auwalu ya samu sabis ya kira. "Mutumina, wallahi ga taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta, kamar a tsakar gidanku! Bari in turo maka."

Rabona da ganinsu tun ina kwana a tabarmar Inna.

Hoton ya shigo baƙi ƙirin, wayarsa ba ta ɗauki komai ba. Na ƙara haske, na buɗa shi da yatsu, ba abin da ya fito sai fuskata a gilashin.

Ya rubuto, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani."