Tulun da Garmar Evert Ta Tono

Elst, 3 ga Yuni, 1638

Yaya Wouter,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da littattafanka, tunda su ne danginka yanzu.

Garmar mijina Evert ta tono tulu a gonar gabas, cike da tsoffin kwabbai na tagulla, sun yi kore shar. Kowanne da kan mutum, wani da gemu, wani hancinsa har ya fi naka. Fasto ya ce na Rumawa ne. To ga matsalar: ƙararrawar cocinmu ta tsage, Evert kuma ya miƙe gaban jama'a ya yi alkawarin ba da su duka a narka a zuba sabuwa. Na ce, "Mutanen nan sun fi shekara dubu a ƙasa, ka bari a san sunansu mana." Ya ce, "Aleid, ni ban san sunan kakan kakana ba, kuma barcina nake yi lafiya."

Ƙarshen Yuli maƙeri zai hura wuta. Ka zo ka karanta su.

Ƙanwarka,
Aleid

Leiden, 14 ga Yuni

Ƙanwata,

Ina amsa gaisuwa. Maigidana ba zai sake ni ba sai mun gama jera nasa kwabban. Naku kuwa, kada ki kuskura ki goge su da toka, ba tukunya ba ne! Ki danna kowanne a kakin zuma, gaba da baya, ki aiko mini. A irin wannan tulu akan dace da sarkin da littattafai suka manta.

Ki gaida Evert, in da hali.

Wouter

Leiden, 19 ga Yuli

Ƙanwata,

Gaisuwa, da baƙin labari. Akwatinki ya iso tare da takardarki, inda kika ce kin ƙarar da kakin amyarku da na maƙwabta, har babban yatsanki ya yi bororo. Mai jirgin ruwa ya bar shi a rana kwana huɗu. Na buɗe na tarar kakin ya narke ya zama curi guda. Wallahi sai da na yi hawaye. A gefe rabin fuska ta tsira, da haruffa uku da ban taɓa gani a jere haka ba.

Ki ɗebi kwabban ki ɓoye. Evert ba zai lura ba.

Yayanki,
Wouter

Elst, 12 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban ɓoye ko ɗaya ba. Ba zan mai da mijina maƙaryaci a gaban gari ba, an narka su ƙaf.

Amma kafin nan na je rumfar maƙerin, na tarar yana danna haruffan sunansa a ɗanyen yumɓun da zai zuba tagullar ciki. Na ce, "Baba, in suna zai fito, fuska ma za ta fito." Ya ce in fita. Kwana uku ina kai masa cuku ina zaune a ƙofa. Rana ta huɗu ya ce, "Ke dai masifa ce. Kawo su."

Jiya aka rataye ƙararrawar. Duk kwabon da rubutunsa bai goge ba, hotonsa yana jikinta, sahu uku, gaba da baya. Wannan kam, rana ba ta narka ta, jirgi kuma ba ya ɗaukarta. Wanda zai karanta sai ya zo Elst ya hau tsani.

Shekararka tara rabonka da gida. Na share ɗakinka.

Aleid