Takalman Idi Sun Bi Hanyar Araba

Illela,
Ranar Talata.

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna Hadijatu, ya kuma wahalar jinya a Ƙonni? Allah Ya ba ta lafiya ki dawo mana.

Umma, Idinki ya canza. Kin san shekara talatin da shida yana zaune zaure, mutane suna kiransa abin da suke kiransa. To Malama Hindatu, wadda ke koyar da manya masu jinkirin fahimta irinsa, ta fara fita da su motsa jiki bayan asuba. Asabar mai zuwa za su taka daga Illela zuwa Kalmalo, a tara gudummawa a yi wa ajinsu rufi. Idi ya rage tumbi, ya daina haki, har takalmansa yake wankewa da kansa.

Yaya Sharafaddeen ya ce gaban 'yan kasuwa, in Idi ya kai Kalmalo zai ba da rago. Da dariya ya faɗa, Idi kuwa ya riƙe maganar. Ya roƙe ni in taka tare da shi, na ce ina da aiki.

'Yarki,
Mahbuba.

Illela,
Ranar Litinin.

Ummata,

Sallama da fatan kina lafiya. Ki zauna kafin a karanta miki wannan.

An yi tattakin. Idi ya yi gaba da saurinsa har ya ɓace wa Malama. Bakin gari abokan Yaya su biyu suka tare shi bisa babur, suka ce an sauya hanya, suka nuna mishi ta ƙauyen Araba. Suka bi shi suna tafi suna ɗauka da waya, da suka gaji suka juyo suka bar shi cikin rana, ba ko ruwa. Mu da muka je tarba muna Kalmalo, kowa ya iso ban da shi.

Sai la'asar wani manomi ya kawo shi a amalanke, ƙafafu duk sun ɗuri ruwa. Ya ce ya tarar da shi yana tambayar mutanen Araba ina tabkin Kalmalo, ina masu tarbarsa.

Yaya ya ce wasa ne, kuma tunda bai kai Kalmalo ba babu rago. Jiya a shago abokan Yaya suka nuna wa Idi hoton nasa da suka ɗauka. Da ya ga suna dariya shi ma ya yi, ya daɗe yana yi, har ya gane da wa ake. Ya dawo ya tura takalman ƙarƙashin gadonki. Malama ta zo har sau biyu, ya juya fuska ga bango.

Umma, ba aiki gare ni ba ranar nan. Kunyar a gan ni jere da su na ji. Da ina gefensa ba mai karkatar da shi.

Yau ya tambaye ni ko ke ma kin gani kin yi dariya. Na rantse mishi ba ki gani ba. Don Allah in an turo miki, kar ki buɗe.

Ki gaida Inna. Ki yafe mini.

'Yarki,
Mahbuba.