Allon da Ya Ce Shinkafa Ta Yi Rawaya

Kura, 6 ga Afrilu

Ƙawata Nafisat,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da 'yar lelena Surayya. Yaya zafin Zariya? Mu nan sai godiya.

Albishirinki! Wata biyu da zamana malamar gona a ƙungiyar manoman shinkafa, yau na yi abin da ba a taɓa yi ba a nan. An turo jirgi marar matuƙi ya ɗauki hotunan gonakinmu daga sama, na buɗe su a kwamfutar ofis. Nafisat, daga bakin kanal ɗin ban-ruwa har hanyar Bunkure ganye ya yi rawaya! Ƙarancin taki ne, sak yadda aka koya mana a kwaleji. Nan take na aika wa manoma sittin cewa kowa ya tanadi takin yuriya.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, Malam Baballe, dattijon da kowa ke kallon bakinsa kafin ya motsa. A gaban jama'a ya yi dariya, wai shekara arba'in yana ban-ruwa, sai yarinyar da ke duba gona a talabijin ce za ta gaya masa launin shinkafarsa. Na ji haushi, wallahi. Ranar Alhamis za a yi taro in nuna musu hoton. Idan suka gamsu, na samu wurin zama. Idan kuwa ba su gamsu ba, babu mai sake sauraron maganata a garin nan.

Ki taya ni addu'a.

Taki,
Humaira

Kura, 8 ga Afrilu

Nafisat tawa,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, zauna ki sha labari. Kada ki yi mini dariya.

Jiya ina shirya hotunan taro, sai na buɗe hoton bikinki don in huta. Farin mayafinki ya koma ruwan ɗorawa, haƙoranki kamar kin shekara kina cin goro! Nan na fara zargin allon. Na ɗauki allon da wayarsa na hau ɗan sahu sai shagon Stephen, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa.

Ashe allon lafiyarsa lau, wayar da ke haɗa shi da kwamfuta ce. Tsohuwar wayar nan mai shuɗin kai da noti biyu, wadda ake kira VGA. Stephen ya yi mini bayani da yaren da zan gane: ja da kore da shuɗi kowanne da hanyarsa yake bi a cikinta, kamar kanal uku. Idan ɗaya ta toshe, sauran biyun za su wuce abinsu, hoto ya fito, amma da launin ƙarya. Allurar da shuɗi ke bi a kan wayar ce ta lanƙwashe. Kin san wa ya yi aikin? Shugabanmu Alhaji Ibrahimu! Ranar da aka kawo kwamfutar ya cusa kan wayar da ƙarfi, ya ɗaure notin da filaya yadda yake ɗaure tiyon injin ban-ruwa, wai kada hoto ya yi yoyo.

Stephen ya sa mini sabuwa, HDMI. Ita lambobi take aikawa, ba ta san rabi da rabi ba: ko hoto ya zo da launinsa, ko allo ya yi baƙi. Na koma ofis, ina kunnawa gonaki suka fito kore shar. Malam Baballe ne da gaskiya. Na kusa sa mutum sittin su zuba takin banza, kuma gobe da bakina zan faɗa. Kunya kamar in nutse.

Amma akwai wani abu da na hango a sabon hoton. Sai bayan taro zan ba ki labari.

Taki,
Humaira

Kura, 10 ga Afrilu

Ƙawata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Umma?

An yi taro! Na fara da tsohuwar wayar, kowa ya ga rawaya. Na zare ta na sa sabuwa, kowa ya ga kore. Na ce na yi kuskure, a bar maganar taki. Aka fashe da dariya, Alhaji Ibrahimu ya fi kowa, sai da aka zo kan filaya ya yi tsit.

Da hayaniya ta lafa, na matso da hoton. Duk faɗin koren nan wuri ɗaya ne rawaya ta gaske, kamar faɗin tabarma goma, a tsakiyar gonar Malam Baballe, inda mai tsayawa a gefe ba zai hango ba. Da duk allon ya yi rawaya, ɓoye ta ya yi.

Malam Baballe ya miƙe, muka bi shi. Ya naɗe wando ya kutsa cikin laka, ni ma na tattare zani na bi bayansa. Muka tarar da ita. Tsutsa ce ta fara cin kara, da an ƙara mako guda da ta bazu har gonakin maƙwabta. Ya daɗe yana juya karan a hannunsa. Daga nan ya waiwayo, a gaban mutanen nan duka, ya kira ni Malama, ya tambaye ni wane magani zai fesa.

Nafisat, ina tsaye cikin laka har gwiwa na ba shi amsa, hawaye na zuba.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Humaira