Numfashin Badar a Saman Soro

Zuwa ga Yayana Abdulhak,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Siham da yara. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya sassauta muku sanyin Beljiyam. Mu nan Tanja lafiya lau, sai iskar teku da ta hana shanya zama a igiya. Ƙafar Gwaggo Zuhur ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da mai kifi, ka ga kuwa ta warke. Mama ma tana cin abinci yanzu, ran Juma'a ta cinye kuskus ɗinta tas. Sai dai maganarta ce ta sa na zauna rubutu, don a waya da na fara sai murya ta ƙi fita.

Na ji saƙonka cewa a kira Sufyan ya goge wasan, wai ba a mayar da mamaci abin wasa. Yaya, ka yanke hukunci kan abin da ba ka gani ba. Ka san tun kafin marigayi ƙaninmu Badar ya faɗo daga soron maƙwabta, duk tsalle-tsallen da suke kira fakur da kyamara ɗaure a goshi yake yinsa. Sufyan, abokinsa da suke gudu tare, shi ya tattara hotunan ya gina unguwarmu a cikin wasan kwamfuta da ake kunnawa a talabijin, soro bayan soro, har da tankin ruwanmu mai tsatsa. A irin wannan wasan ba ka ganin mai gudun. Kai ne shi, da idonsa kake kallo. Hannuwa kawai kake gani idan ya kama katanga, da ƙafafu idan ya dira. To hannuwan na autanmu ne, har tabon man suya na babban yatsa. Numfashin ma nasa ne, daga kyamarar aka ciro shi. Ranar da na fara ji, wallahi sai da na fita tsakar gida na dafa bango.

Mama ce ta ce a bar mata. Matar da ko tasha ba ta iya sauyawa a talabijin, yau ita ce riƙe da abin sarrafa wasan nan bayan la'asar, shayinta na hucewa a gefe. Amma ba ta sa shi gudu. Sufyan ya yi ta koya mata inda za ta danna ya yi tsalle, ta ce masa ya rufa mata asiri, yaron da ta shekara tana roƙo ya sauko, ita ce za ta tura shi? Tsayar da shi take yi a tsakiyar soronmu, ta ajiye abin a cinya. Ashe idan aka bar shi tsaye, hakinsa yana lafawa a hankali, sai ya goge tafin hannu a wando, yadda yake yi in ya shigo yana neman abinci. Wannan take jira. Takan ce masa ɗan banza, yau dai ka tsaya wuri guda.

Wata rana ta yi ta juya shi, ta leƙa tagar maƙwabta, ta leƙa ruwan tanki, tana neman fuskarsa. Babu, sai inuwa a ƙasa. Da Sufyan ya zo ta tsare shi, ta ce ina ya kai fuskar ɗanta. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce mata ba a yi fuska ba, ai ita ce a cikin Badar. Sai ta ce ashe rama mata ya yi, a da shi ne a cikinta. Ni da Sufyan ba wanda ya iya kallon wani.

Da abin ya tsaya nan, da na ce maka ka yi haƙuri ka bar mata. Amma makon jiya Gwaggo Zuhur ta miƙo mata kofi, gwiwar hannunta ta taɓa abin, Badar ya zarce bakin soro. Mun ga titi yana tasowa, mun ji numfashin ya yanke, talabijin ya yi baƙi. Ihun da Mama ta yi irin na ranar da ya faɗo ne, ranar da ba ka nan. Kafin in kai ga wayar wuta, sai haske ya dawo, ga shi tsaye a soronmu, yana goge hannu a wando. Haka wasan yake, in ka faɗi sai a mayar da kai inda ka taso. Mama ta kalle ni ta ce, Hafida, kin ga ya tashi. Ta faɗa da fara'ar da rabona da ganinta tun kafin jana'iza.

Jiya na dawo daga kasuwa na tarar da ita ita kaɗai. Da hannunta take kai shi bakin soro, ta tura shi, ta rufe ido, laɓɓanta na motsi, har sai ta ji numfashin ya dawo. Sannan ta sake. Ban san sau nawa ta yi kafin in shigo ba, kuma ban ƙirga bayan na shigo ba. Na tsaya da kwandon tumatir a hannu, tsoro ya cika ni, ita kuwa ko juyowa ba ta yi ba.

Yaya, ban san ko magani ne wannan ko ciwo ba. Ina tsoron in an bar mata za ta tafi can ta bar mu, ina kuma tsoron in an goge za ta binne shi karo na biyu. Abu ɗaya na sani, ni ba zan zare wayar nan ba, kuma ba zan sa Sufyan ya yi ba. Kai ne babba. In gogewa za a yi, ka zo gida, ka zauna kusa da ita, ka saurari numfashin ƙaninka tukuna, sannan ka zare da hannunka.

Ka gaida Siham, ka sumbaci Rayan da Wi'am a madadina. Gwaggo Zuhur na gaishe ka, ta ce kada ka zo ba man zafin nan nata. Mama ban gaya mata ina rubuto maka ba. La'asar ta yi, ina jin ta kunna.

Ƙanwarka mai jiranka,
Hafida